Yaya ake ɗaukar ƙaramin kwale-kwale a jirgin ruwa mai inji wanda bai kai mita 8 ba?

Malam Habu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan harka. Ina da jirgin ruwa mai inji, tsawonsa mita 7.5, faɗinsa mita 2.6, yana da ɗan ɗakin kwana a gaba da wurin zama a baya. Injinsa na dizal ne guda ɗaya, yana cikin jirgin, amma ƙafar da ke ɗauke da farfela ta fito ta bangon baya, ana ɗaga ta ana sauke ta. Idan ruwa ya kwanta yakan ɗago ya hau saman ruwa ya yi gudun kilomita 35 zuwa 40 a awa. A bayansa akwai dandamalin da ake sauka wanka, wanda fitowarsa daga bango ba ta wuce santimita 60 ba, kuma tsanin hawowa daga ruwa yana maƙale a gefensa na dama.

Abin da ya kawo ni shi ne, wuraren da na fi son sauke anga ba su da matsayar jirage, kuma ruwan bakin gaɓa ba shi da zurfin da jirgin zai matsa kusa ba tare da farfela ta taɓa ƙasa ba. Saboda haka ina buƙatar ƙaramin kwale-kwale da zai riƙa kai mu tudu, ni da maiɗakina da yara biyu, da ɗan kayan da ba a rasa ba. Ban saya ba tukuna, domin na lura cewa sayen ba shi ne wahalar ba, inda za a ajiye shi yayin tafiya ne. An ce mini wasu suna jan sa da igiya a baya, wasu suna jingine shi a kan dandamali, wasu suna kafa hannayen ƙarfe su rataye shi, wasu kuma suna sace iskarsa su naɗe shi su cusa a ma'aji. Wanne ne ya dace da jirgi irin nawa? Kuma wane girma da wane nauyi ya kamata in tsaya a kai, har da injin da zan rataya masa? Na gode.

Injiniya Lawal:

Wa alaikumus salam, Malam Habu. Kafin a zo ga hanyoyin da ka lissafa, akwai abin da ya kamata a fara warwarewa, domin shi ne zai kawar da wasu daga cikinsu tun ba a wahala ba, wato nauyin da bayan jirginka zai iya ɗauka. Jirgin da ke hawa saman ruwa ya bambanta da wanda ke ratsa ruwa a hankali. Kafin ya ɗago, sai ya fara nutsar da bayansa ya ɗaga goshi, ya tsallake taguwar da shi kansa ya tayar, sannan ya kwanta daidai. Duk kilon da ka ƙara masa a baya yana tsawaita wannan lokaci, yana ƙara shan mai, kuma yana ƙara daɗewar da goshin zai yi a sama yana tare maka gani. A jirgi irin naka injin da ƙafarsa sun riga sun tara nauyi a baya, sannan ga mutane da suka fi son zama a can, ga tankin mai wanda sau da yawa yana kusa da wurin.

Ba yawan kilo kaɗai ake dubawa ba, ana duba nisansa daga tsakiyar nauyin jirgin. Wanda ya ɗauki bokitin ruwa a jikinsa, sannan ya miƙa hannu ya riƙe shi nesa da jiki, ya san cewa bokitin bai ƙara nauyi ba amma kafaɗa ta ji bambanci. Bari mu yi ƙiyasi. Idan tsakiyar nauyin jirginka tana kamar mita 3 daga bangon baya, kuma hannayen ƙarfe suka rataye kwale-kwale da injinsa, kilo 60 gaba ɗaya, mita ɗaya bayan bangon, to kilo 60 sau mita 4 ya ba da 240. Mutum mai kilo 80 da ke zaune mita ɗaya da rabi bayan tsakiyar nauyin yana ba da 120 ne kawai. Ke nan wannan ɗan kwale-kwalen yana danne bayan jirgin kamar manyan mutane biyu da suka zauna ba za su tashi ba har ƙarshen tafiya. Wannan lissafi ne ya sa ba na ba mai jirgin da bai kai mita 9 ko 10 ba shawarar kafa hannayen ratayewa. Ƙari a kan haka, su kansu hannayen suna da nauyi, kuma idan jirgi yana dukan taguwa ƙarfin da ke fizgar gindinsu yakan ninka nauyin abin da aka rataya. Faibar da aka yi saman jirgi da ita ba ta jure wannan sai an sa farantin ƙarfe ko katako mai kauri ta ƙarƙashi an ɗaure da noti mai ratsawa. A wasu tashoshin ma ana auna tsawon jirgi har da abin da ya fito bayansa idan za a ba shi wurin tsayawa.

Abin da na ga ya fi dacewa da kai shi ne jingine shi a kan dandamali. Akwai maƙalai guda biyu da ake ɗaurawa a bakin dandamalin, da abokansu da ake mannawa da gam a jikin robar kwale-kwalen. Na kamfanin Weaver ne suka fi shahara, amma akwai wasu masu yin irinsu. Kana matso da kwale-kwalen a kwance bayan jirgi, maƙalan su kama, sai ka ja igiyar da ka ɗaura a ɗaya gefen nasa, ya miƙe a kan haƙarƙarinsa ya jingina, ka tallafe shi da sanduna biyu ko igiya. Amfaninsa na biyu, wanda mutane ba su cika faɗa ba, shi ne idan yana kan ruwa a maƙale ba ya zillewa, don haka yara za su shiga su fita ba tare da ya gudu daga ƙarƙashin ƙafarsu ba.

Sai dai wannan hanya tana da sharuɗɗa. Tsawon kwale-kwalen kada ya wuce faɗin bayan jirgin. Ka ce faɗin naka mita 2.6 ne, amma wannan awon tsakiya ne, kuma yawancin jirage suna ɗan tsukewa ta baya, saboda haka ka auna bangon bayan da kanka. Ina tsammanin mita 2.3 zuwa 2.4 ne iyakarka. Idan kansa ko wutsiyoyinsa suka leƙo gefe, ruwan da ke fallatsa daga jikin jirgi zai riƙa dukansu, a wurin shiga matsaya kuma za su riƙa gogar ginshiƙi ko jirgin maƙwabci. Sannan ka duba tsayin dandamalin daga ruwa. Lokacin da ka rage gudu kwatsam, taguwar da ke biye da kai tana cim maka ta hau dandamali, kuma idan bututun robar da ke ƙasa yana kusa da ruwa za ta ɗaga shi ta fizgi maƙalan. Akwai maƙalai masu ɗan tsayi da aka yi saboda wannan. Ka kuma ɗaga ƙafar injin har ƙarshe, ka juya ta dama da hagu, ka tabbatar ba ta taɓa komai.

Game da nauyi, kwale-kwalen roba na mita 2.3 mai ƙasan ƴan katakai jere yakan kai kilo 15 zuwa 20. Mai ƙasan da ake hura wa iska ya ɗan fi haka, yakan kai kilo 25 ko sama idan ya ƙara tsawo. Mai ƙasan alminiyam mai tauri yana farawa daga wajen kilo 30, na faiba kuma ya fi shi nauyi sosai. Mai ƙasan da ake hura wa iska nake zaɓa maka, domin yana da ɗan tudu a ƙasa da ke sa shi bin hanya madaidaiciya, ga shi kuma ana iya naɗe shi idan ta kama. Inji kuwa, mai ƙarfin doki 2.3 ko 2.5 ya isa, kuma irin na Honda da Suzuki na wannan aji nauyinsu yana wajen kilo 13 zuwa 14. Mai ƙarfin doki 6 ya kusa ninka wannan, kuma miƙa shi daga jirgi zuwa kwale-kwale alhali ruwa yana motsi aiki ne da ke raba mutum da injinsa. Ka sani cewa kafin ka jingine kwale-kwalen dole ka cire injin, ka yi masa wani katako a jikin shingen jirgi ka ɗaure shi a tsaye.

Alhaji Garba:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina ganin ya tsallake jan igiya kamar ba hanya ba ce, alhali ita ce mafi sauƙi, kuma ba ta buƙatar a huda jirgi ko sau ɗaya. Ni da ita nake aiki. Gaskiyar da zan faɗa wa Malam Habu ita ce, nawa jirgin mai ratsa ruwa ne, gudunsa bai wuce kilomita 12 a awa ba, kuma a wannan gudun kwale-kwale yana bin ka lafiya lau. A kilomita 35 labari ya sauya. Kwale-kwalen roba marar kaya ba shi da nauyin da zai riƙe shi a kan ruwa, iska tana shiga ƙarƙashin goshinsa, sai ya tashi ya kife, idan ya kife kuma ya zama abin kamfatar ruwa, nan take zoben da aka manna masa ya ɓalle ko igiya ta tsinke. Saboda haka ban ce ka ja shi a doguwar tafiya ba. Amma ranar da za ka tashi daga wannan lungu zuwa wancan, tafiyar rabin awa a hankali cikin ruwa mai kwanciya, babu dalilin wahalar da kai da ɗagawa da saukewa, don haka ya kamata ka iya jan ko da ba shi ne babbar hanyarka ba.

Igiyar ta zama mai yawo a saman ruwa, wato ta roba irin wadda ba ta nutsewa, domin babban haɗarin ja shi ne igiya ta shiga farfela. Wannan yakan faru ne a lokacin da hankalin matuƙi ya koma wani wuri, ya zo sauke anga ko shiga matsaya, ya sa ribas, igiya ta saki ta nutse, farfela ta naɗe ta, inji ya mutu a daidai inda ake buƙatarsa. Ko mai yawon ma farfela tana iya tsotso ta idan an ba da wuta a ribas. Maganinsa ɗaya ne, kafin ka rage gudu don kowane irin juyi, a janyo kwale-kwalen har ya kusa taɓa jirgi, ko a ɗaure shi a gefe. Ka ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki, ya san nasa ne. Rana tana cin irin wannan igiya da sauri, idan ka ga ta fara gari-gari a hannu ka sauya ta.

Kada ka ɗaura a zoben goshi kaɗai. Yawancin kwale-kwalen roba suna da zobba biyu a gefen goshi, dama da hagu, waɗanda aka yi domin ja. Ka haɗa su da gajeriyar igiya mai reshe biyu, sannan doguwar ta kama tsakiyarta, ta goshin kuma ta zama ta ko-ta-kwana, a sake. Tsawon igiyar ana daidaita shi ne da ido, kana saki kana ja har kwale-kwalen ya zauna a kan taguwa ta biyu da jirgin ya tayar, ba cikin kwarin da ke tsakaninsu ba, inda zai riƙa kaiwa da komowa. Ka cire inji da filafilai da tankin mai da duk abin da ba ka so ka rasa. Kuma kada a bar kowa a ciki yayin ja, balle yaro, ko da ya yi kuka.

Abu na ƙarshe, ruwan sama. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, lita ɗaya kuma kilo ɗaya. Kwale-kwalen da ke tara ruwa daga fili mai murabba'in mita 2, idan aka yi ruwan milimita 25 da dare, da safe yana ɗauke da kilo 50 da ba ka zuba ba, wato ya fi nauyinsa na asali. Wannan ya shafi masu ratayewa ma fiye da masu ja, domin a wurinsu nauyin yana kan hannayen ƙarfe ne, shi ya sa ake cire toshiyar magudanar duk lokacin da aka rataye shi.

Hajiya Rabi:

Ni kam ina da ra'ayi dabam da na Injiniya, tare da girmamawa. Jirginmu kusan girman na Malam Habu ne, kuma mun zaɓi naɗewa. Dalilina shi ne dandamalin nan shi ne wuri mafi amfani a ƙaramin jirgi, ta nan ake shiga idan an tsaya da baya, ta nan ake sauka ruwa, a nan ake zama a wanke ƙafa. Idan ka jingine kwale-kwale a kai ka rufe shi, ka kuma rufe wa matuƙi ganin baya a lokacin da yake shiga matsaya da ribas, ga shi ya zama kamar tanti da iska ke turawa ta gefe. Da famfon lantarki mai aiki da batirin jirgi, hura kwale-kwalen mita 2.3 aikin ƴan mintoci ne, kuma irin famfon da ke tsayawa da kansa idan ya kai awon da aka saita ya fi, domin yana iya zuƙe iskar ma idan an zo naɗewa, abin da ke sa ƙunshin ya koma cikin jakarsa. Wurin hurawa ne ke da ɗan wuya. Mu muna shimfiɗa shi a kan rufin ɗakin gaba, mu hura, mu zura shi ruwa ta gefe.

Akwai kuma maganar rana. Yawancin masu sauƙin nauyi da robar PVC ake yin su, wadda hasken rana ke busar da ita a hankali har ta yi danƙo ta fara saki a wurin gam. Wadda ake kira Hypalon ta fi jure rana nesa ba kusa ba, ko da yake kamfanin DuPont da ke da sunan ya daina yin ta a 2010, wasu kamfanoni ne ke yin irinta yanzu, mutane kuma ba su daina kiranta da tsohon sunan ba. Tana da ɗan nauyi fiye da PVC. Wanda zai bar kwale-kwalensa a jingine a waje duk shekara, ko dai ya sayi mai jure ranar ko ya ɗinka masa riga. Wanda yake naɗewa ya ajiye a inuwa, PVC ta ishe shi, muddin ya wanke yashi da gishiri ya bar shi ya bushe kafin ya naɗe.

Ban ɓoye aibinsa ba, abin da ke cikin jaka ba a cika fito da shi ba. Idan tsayawar ta awa ɗaya ce, sau da yawa sai a ce a bar shi kawai, a zauna a jirgi.

Malam Habu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna bangon baya kamar yadda Injiniya ya ce, mita 2.4 ne, dandamalin kuma yana sama da ruwa da kamar santimita 25 idan babu kowa a baya. Zuciyata ta fi karkata ga jinginewa, domin mu masu yawan sauka tudu ne, kuma abin da Hajiya ta faɗa a ƙarshe shi nake tsoro. Tambayoyi biyu suka rage mini. Shin na mita 2.3 zai ɗauke mu mu huɗu a tafiya ɗaya? Sannan ina zan ajiye fetur ɗin ƙaramin injin, tunda jirgin na dizal ne kuma ba a yi masa wurin fetur ba?

Malam Isiyaku:

Malam Habu, kafin a amsa maka waɗannan, akwai abin da ka faɗa tun farko wanda ban ga an tsaya a kansa ba, wato tsanin da ke gefen dama na dandamalinka. Idan kwale-kwalen da aka jingine ya hau kansa, ko ya hana a buɗe shi, to wanda ya faɗa ruwa ba shi da hanyar dawowa. Mutumin da tufafinsa suka jiƙe, ya gaji, ba ya iya hawa jirgi ta gefe, kuma wanda ke sama ba ya iya ɗago babban mutum da hannu. Ƙa'idar da ake bi wajen ƙera ƙananan jirage, ISO 15085, ta tanadi cewa a sami hanyar sake hawowa daga ruwa, kuma hikimar ita ce wanda ke cikin ruwan ya iya kaiwa gare ta da kansa. Saboda haka kafin ka huda ko'ina, ka tsayar da kwale-kwalen a inda zai zauna, ka shiga ruwa, ka gwada saukar da tsanin ka hau. Idan bai yiwu ba, a matsar da tsanin, ko a ƙara wani na igiya a gefen jirgi wanda ake fizgowa daga ƙasa. A ganina wannan ya fi duk sauran lissafin muhimmanci, musamman ga mai tafiya da yara.

Haka nan fitilar baya. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce farar fitilar baya ta haska kusurwar digiri 135, kuma a ƙananan jirage sau da yawa tana kan bangon baya ne, daidai inda kwale-kwalen zai rufe. Dokokin sun yarda jirgi mai inji da bai kai mita 12 ba ya sa farar fitila guda mai haskawa ko'ina a sama, tare da ja da kore na gefe, don haka gyaran ba shi da wuya, amma sai an tuna da shi. Sunan jirgi ko lambarsa ma, idan a baya suke, kada a rufe su. Shi kansa kwale-kwalen idan za ka dawo da shi da dare yana buƙatar farar fitila, ko aƙalla tocila a hannu idan da filafili kake tuƙi.

Fetur kuwa, tururinsa ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya taru a can ƙasan jirgi inda famfon kwashe ruwa da wayoyin lantarki suke, kuma tartsatsi ɗaya ya isa. Jirgin dizal ba lallai ne an yi kayan lantarkinsa da kariyar tartsatsi irin ta jirgin fetur ba, don haka kada jarkar ta shiga ɗakin kwana ko ɗakin inji ko wani ma'aji da ke buɗewa zuwa cikin jirgi. Ka ɗaure ƙaramar jarka, lita 5 ta wadatar, a sarari inda iska ke kaɗawa, ko a ma'ajin da ke da magudana zuwa waje. Ƙananan injunan nan suna da tankinsu a ka, mai ɗaukar wajen lita ɗaya. Ka rufe makunnin mai da ƴar hudar iskar murfin kafin ka ɗaga shi. Idan ya zama dole ka kwantar da shi, littafinsa ya nuna gefen da ake kwantarwa, idan aka saɓa baƙin mai yana malala cikin silinda. Idan kana son ka huta da duk wannan, akwai injunan lantarki irin na Torqeedo da ePropulsion, masu ƙarfin kilowat ɗaya, waɗanda ake kwatanta su da mai ƙarfin doki 3. Nauyinsu yana wajen kilo 20, batirin yana cirewa daban, kana miƙa su kashi biyu, kuma ana ajiye su a kowane ma'aji. Ga tafiyar mita ɗari biyu ko uku zuwa gaɓa sun isa har da saura, sai dai ka tanadi yadda za ka yi musu caji.

Ka kuma lura da hayaƙi. Jirgi mai ɗaki yana barin wani wuri a bayansa inda iska ke juyowa ta dawo da hayaƙin salansa cikin wurin zama, kuma abu mai faɗi da aka tsayar a baya yana iya sauya yadda take juyawar. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari. Injin dizal bai kai na fetur fitar da ita ba, amma na'urar gargaɗi a ɗakin kwana ba ta da nauyi, ka sa ta.

Injiniya Lawal:

Malam Isiyaku ya yi gaskiya a kan tsanin, kuma da awon da ka kawo, Malam Habu, ina ganin za ka buƙaci maƙalai masu tsayi, domin santimita 25 za ta ragu sosai idan mutane suka zauna a baya kuma jirgin ya fara nutsar da gindi.

Game da mutum huɗu, kada ka dogara da ƙiyasina ko na mai sayarwa. Kowane kwale-kwale yana da ɗan allo a bangon bayansa da ke nuna yawan mutane, da iyakar kilo, da iyakar ƙarfin injin da aka yarda. Na mita 2.3 yawanci mutum biyu ne, wasu biyu da yaro, kaɗan ne ke kaiwa uku. Ko da kilon ya isa, wurin ƙafa ba zai isa ba, kuma idan ya nutse da yawa kowace ƴar taguwa sai ta shigo ta goshi. Ka yi sawu biyu, kowa da rigar kariya daga nutsewa a jikinsa, igiyar kashe inji kuma a ɗaure a hannunka ko ƙafarka, filafilai a ciki ko da injin sabo ne. Kada kuma ka ɗauke shi a matsayin kwale-kwalen ceto, ba don haka aka yi shi ba.

Matsin iskar bututun kwale-kwalen yana wajen 0.25 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, ta ƙasan da ake hurawa kuma ta fi haka sau biyu ko uku, awon yana rubuce kusa da bawul. Wanda zai jingine shi a rana ya san cewa zafi yana ƙara matsin fiye da yadda ake zato. Idan ka hura da safe a digiri 20, robar ta yi zafi ta kai digiri 50 da rana, matsin da ma'auni ke nunawa yana tashi daga 0.25 zuwa kusan 0.38, ƙarin rabi ke nan, kuma a wurin ɗinki yake fita. Ka ɗan sassauta masa idan zai wuni a sama, ka ƙara idan ya sauka ruwa mai sanyi ya yi laushi.

Kafin ka sayi komai, ka yi wannan gwaji. Ka cika jarka biyu ta lita 20 da ruwa, kilo 40 ke nan, wanda ya yi kusa da nauyin kwale-kwale da maƙalai da inji. Ka ɗaure su sosai a bakin dandamali, ka cika tankin mai, iyali su zauna inda suka saba zama. Ka duba ko bakin salansa da magudanan wurin zama suna sama da ruwa, sannan ka ba da wuta ka ga tsawon lokacin da jirgin zai ɗauka kafin ya ɗago, ka kwatanta da yadda yake yi ba tare da su ba, ka kuma rage gudu kwatsam ka ga inda taguwar baya take kaiwa a kan dandamalin. Idan bambancin kaɗan ne, ka sayi maƙalan. Idan jirgin ya yi ta jan gindi, ka gwada mayar da wasu kaya masu nauyi gaba ka sake gwadawa, idan har yanzu bai gyaru ba to hanyar Hajiya Rabi ce taka, sai ka nemi famfo mai kyau ka auna ma'ajin da jakar za ta shiga.